Ireland Ba Yankin Ingila Ba Ce

Da daɗewa mutane da yawa suke ɗaukar Ireland a matsayin wani lardi na Birtaniya, wataƙila saboda maƙwabtaka da kuma Turancin da mutanenta suke yi, amma wannan kuskure ne da ke ɓata wa 'yan ƙasar rai, domin sai da aka zubar da jini kafin su sami 'yancin kai a 1922, sannan ƙasar ta zama cikakkiyar jamhuriya a 1949.

Tushen ruɗanin shi ne an raba tsibirin Ireland gida biyu. Daga cikin gundumomi 32, guda 26 ne suka zama Jamhuriyar Ireland mai mutane fiye da miliyan 5 da babban birni a Dublin, sauran 6 kuwa su ne Ireland ta Arewa, wadda har yanzu take ƙarƙashin Birtaniya. Babu shinge a iyakar, sai dai matafiyin da ya taso daga Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, idan ya tsallaka zai ga allunan hanya sun koma kilomita maimakon mil, kuma a kanti yuro za a nema a hannunsa, ba fam ba.

Jamhuriyar tana zaɓen shugaban ƙasarta duk shekara 7, ko da yake ragamar mulki tana hannun firaminista. Ta kuma ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai bayan ficewar Birtaniya, kamfanoni irin su Google da Apple suna da manyan ofisoshi a can. Ɗan Najeriya mai bizar Birtaniya sai ya nemi ta Ireland daban kafin ya shiga Dublin.