Matsayin mata a ikilisiya ta fuskar koyarwar ƙarshen zamani

Koyarwar ƙarshen zamani reshe ce ta tauhidin Kirista da ke magana kan dawowar Almasihu, tashin matattu, shari'a da sabuwar halitta. Masu kare daidaiton mata da maza a ikilisiya sun daɗe suna kafa hujja da ita. Hujjar a taƙaice ita ce: idan a Mulkin Allah mai zuwa namiji ba zai mallaki mace ba, ikilisiya kuma ita ce alamar wannan Mulki a duniya, to ya kamata a fara ganin hakan a majami'a tun yau. Gardamar ta fi tsayawa ne kan kalmomi biyu, "riga" da "tukuna": me ya riga ya cika na alkawarin, me kuma bai zo ba tukuna? Masanin tauhidi George Eldon Ladd na Amurka yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan fahimta a ƙarni na 20.

Ayoyin da ake kafa hujja da su

Na farko shi ne Ayyukan Manzanni 2:17-18. A ranar Fentikos Bitrus ya ɗauko annabcin Yowel 2:28-29 cewa Allah zai zubo Ruhunsa, ƴaƴa maza da mata su yi annabci, har bayi maza da mata. Bitrus ya ce wannan na "kwanakin ƙarshe" ne, kuma ya ce ga shi yana faruwa a gabansu. Ke nan a wurin masu wannan ra'ayi, wa'azin mace alama ce ta cewa ƙarshen ya soma.

Sai Galatiyawa 3:28, inda Bulus ya ce babu Bayahude ko Baheleni, babu bawa ko ɗa, babu namiji da mace. Akwai wani ɗan abu a nan da fassara kan ɓoye: a Helenanci biyun farko an haɗa su da "ko", na ukun kuma da "da", daidai da lafazin Farawa 1:27. Masu sharhi da yawa suna ganin Bulus na nufin sabuwar halitta ce ta shigo kan tsohuwa. A Matiyu 22:30 kuma Yesu ya gaya wa Sadukiyawa cewa a tashin matattu ba a aure, ba a aurarwa.

Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Masu ganin shugabancin ikilisiya na maza ne ba su musa waɗannan ayoyi ba. Cewa suke Galatiyawa 3:28 maganar ceto ce, ba ta muƙami ba. Suna riƙe da 1 Timoti 2:11-14, inda aka hana mace koyarwa ko iko a kan namiji, dalilin da aka bayar kuwa shi ne Adamu aka fara halitta kafin Hawwa'u. Tsarin ya riga faɗuwa, in ji su, don haka fansa gyara shi take yi, ba rushe shi ba. Ana maida musu da cewa mallakar miji a kan mata a Farawa 3:16 ta fara bayyana, cikin sakamakon zunubi.

Gargaɗinsu mafi ƙarfi shi ne na azarɓaɓi. A 1 Korintiyawa 4:8 Bulus ya yi wa Korintiyawa ba'a cewa sun riga sun ƙoshi, sun riga sun zama sarakuna. Wanda ya ɗauki Matiyu 22:30 ya ce yau za a aiwatar da ita, to aure ma sai ya soke. Nan ne hujjar ƙarshen zamani kan yi tuntuɓe idan aka sake ta ita kaɗai.

Masu ganin shugabanci na maza ne, su ma suna da inda suke tuntuɓe. 1 Korintiyawa 14:34-35 ta ce mata su yi shiru, amma 11:5 ta wasiƙar ta nuna mace tana addu'a da annabci a taro, kanta a rufe. Wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu ma sun ajiye ayoyin nan biyu bayan aya ta 40. Kalmar da ake fassarawa "iko" a 1 Timoti 2:12 sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari, ma'anarta kuma ana jayayya a kai. Yuniya, wadda Bulus ya ambata tare da manzanni a Romawa 16:7, wasu fassarori sun maida ta namiji.

Tarihi

A ƙarni na 2, ƙungiyar Montanus a Firijiya tana da annabawa mata biyu, Firiska da Maksimila, tana kuma jiran ƙarshe nan kusa. Haka abin ya maimaitu a farkawar addini ta titin Azusa a Los Angeles a 1906, wadda ta yaɗa majami'un Fentikos: inda ake jin lokaci ya ƙure, ba a cika tambayar jinsin mai wa'azi ba, sai ƙungiya ta zauna ta kafa ofisoshi ƙofar mata ta soma matsewa. Cocin Ingila ya naɗa firistoci mata na farko a 1994. A shekarar kuma Fafaroma John Paul na biyu ya bayyana cewa ikilisiyar Katolika ba ta da ikon naɗa mace firist, hujjarsa ita ce Yesu maza ya zaɓa manzanni goma sha biyu.

A Nijar

Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission a wancan lokaci) ta shigo Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa a 1950, daga aikinta ne kuma ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito. Mata marasa aure suna da yawa cikin ma'aikatan irin waɗannan mishan, sun koyar, sun yi jinya, sun yi bishara a ƙauyuka, amma fastoci da dattawan da aka horar galibi maza ne. A majami'un Hausa na Yamai da Tawa, ƙarfin mata ya fi fitowa a Zumuntar Mata: waƙa, ziyarar marasa lafiya, tara gudummawa, nazarin Littafi Mai Tsarki. Katolika na bin hukuncin Roma, ta hannun babban bishop na Yamai da bishop na Maraɗi, wanda Tawa ke ƙarƙashinsa. A majami'un Fentikos an fi jin Yowel 2:28, kuma can aka fi ganin mace, sau da yawa matar fasto, tana jagorantar addu'a ko tana wa'azi.