Yadda injunan masana'anta ke aika saƙo da hasken infrared

Wane irin haske ne wannan?

Haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani, masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a 1800. Da shi rimot ɗin talabijin ke aiki: ƙaramar fitila tana ƙyaftawa da sauri, na'urar da ke fuskantarta tana karanta ƙyaftawar a matsayin saƙo.

A ina masana'antu suka fi amfani da shi?

A manyan rumbunan ajiya masu sarrafa kansu, inda injin ɗaga kaya ke kai da komo a kan dogo tsakanin dogayen kantoci. Wayar da ke bin irin wannan inji kullum cikin lanƙwasa take, wata rana sai ta tsinke, aiki ya tsaya cak. Don haka sai a kafa na'ura ɗaya a ƙarshen layi, ɗaya a jikin injin, suna kallon juna. Kamfanonin Jamus irin su Leuze, SICK da Pepperl+Fuchs na ƙera su. DDLS 500 na Leuze yana aika megabit 100 a daƙiƙa, har nisan mita 200, kuma yana ɗaukar saƙonnin PROFINET, wato wani tsarin sadarwa da injunan masana'anta suka saba magana da shi.

Me ya sa ba za a sa Wi-Fi a huta ba?

Masana'anta cike take da ƙarfe, igiyar rediyo kuwa tana bugun ƙarfe ta dawo, ga na'urori barkatai suna rububin tasha ɗaya. Saƙon tsayar da inji idan ya makara, ana iya asarar kaya ko ma rai. Haske ba ya ratsa bango, tartsatsin injin walda ba ya rikita shi kamar rediyo, kowane layi da nasa, kuma na waje ba ya iya satar ji. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa injiniyoyi ba su saki wannan fasaha ba, ko da Bluetooth ya kori IrDA, tsarin aika saƙo da infrared, daga wayoyin hannu.

To ina rauninsa?

Dole na'urorin biyu su riƙa ganin juna kai tsaye. Abu ya gitta, saƙo ya yanke. Tururi, hasken rana mai ƙarfi da girgizar inji duk suna rage ƙarfinsa. Masana'antar da ke Kano ko Maraɗi kuwa sai ta yi lissafin ƙurar hunturu tun kafin ta saya, ta sa goge gilashin na'urar da duba saitinta cikin aikin yau da kullum.