Waiwaye: Asalin Dokar Ƙayyade Tsayin Gine-gine a Unguwannin Zama

Tun kafin zuwan siminti hukumomi suke yi wa masu gini iyaka. A Rum ta dā, Sarki Augustus ya hana gidajen haya wuce ƙafa 70, daga baya Sarki Trajan ya rage zuwa 60, saboda benayen da ake cusa talakawa a ciki sun yawaita rushewa da kamawa da wuta. Malaman Malikiyya kuwa ta fuskar haƙƙin maƙwabtaka suka kalli batun, bisa ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, inda suka hana mai bene buɗe tagar da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabcinsa. A 1783 hukumomin Faransa suka ɗaure tsayin gini a Paris da faɗin titin da yake kai, domin hasken rana da iska su isa ƙasa.

Lif da ginshiƙan ƙarfe ne suka sauya lissafin a Amurka. A 1894 aka gina wani benen haya mai ƙafa 164 a Washington, wanda tsanin 'yan kwana-kwana ba ya kaiwa samansa, abin da ya haifar da dokar ƙayyade tsayin gini ta 1899 da ta 1910. Har gobe gine-ginen da ke kan titunan gidajen zama a birnin ba sa wuce ƙafa 90 a tsayi. A New York kuma, ginin Equitable da aka kammala a 1915 ya tare wa maƙwabtansa rana, shekara na zagayowa birnin ya kafa dokar raba unguwanni, wadda ta tilasta wa gini ya riƙa ja da baya daga titi yayin da yake ƙara tsawo. Masu filaye sun yi ta ƙorafin an tauye musu haƙƙi, har Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta irin wannan doka a 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid.

Togaciyar da ke cikin dokokin iri biyu ce. Akwai wadda aka rubuta tun farko, kamar ta hasumiya da bututun hayaƙi da tankin ruwa, waɗanda galibi ba a lissafa su cikin tsayi. Akwai kuma izini na musamman, inda mai fili zai tsaya gaban kwamiti ya nuna cewa yanayin filin nasa ne ya takura shi, misali gangaren da ke sa gida ya zama hawa biyu ta gaba, hawa uku ta baya, sannan a sanar da maƙwabta su zo su faɗi albarkacin bakinsu. A ganina nan ne dokar take fuskantar babban gwaji, domin an buɗe ƙofar ne saboda wanda ya shiga matsi na gaskiya, amma mai iya ɗaukar lauya da mai zanen gini shi ya fi cin moriyarta, alhali inuwar benensa kan gidan wanda ba shi da wannan hali za ta sauka.

Yanzu kuma tsadar gidaje ta sa ana tuhumar iyakar kanta, cewa tana hana samar da muhalli a inda jama'a suka fi buƙata. A 2021 majalisar dokokin New Zealand ta amince a gina gidaje uku masu hawa uku a fili ɗaya a manyan birane ba tare da neman izini na musamman ba. Paris kuwa, wadda ta tsayar da iyakar mita 37 a 1977 bayan ƙorafi kan dogon benen Montparnasse, ta sassauta a 2010, ta kuma dawo da iyakar a 2023.