Wanda ya nemi halaka kansa asibiti ya kamata a kai shi, ba caji ofis ba

Assalamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti nan cikin Zariya, kuma yau ba maganar rigakafi ko awon ciki na zo da ita ba, magana ce wadda in an taɓo ta kowa sai ya kauda kai yace Allah ya kiyaye a wuce wurin, wato maganar mutanen da damuwa ke kai su bango har su nemi kashe kansu, da abin da dokar ƙasa ta ce a kansu.

Wani dare ina aikin kwana, wajen sha ɗaya da rabi, sai ga napep ta tsaya a ƙofa, aka shigo da wani saurayi da bai fi shekara ashirin da biyu ba, babansa ya riƙe kafaɗa yayansa ya riƙe ƙafa, jikinsa sharkaf da zufa. Na ce Baba me ya same shi, yace Malama kuskure ne, an ɗauke wuta ne ya ɗauki wani abu cikin duhu ya sha ya zaci ruwa ne. Na kalli yayan sai ya sunkuyar da kai. Na ce to Baba don Allah tun ƙarfe nawa, domin aikinmu da lokaci yake tafiya, yace yanzun nan ne. Sai da mahaifiyar ta iso, ko takalmi babu a ƙafarta, ta ja ni gefe tana rawar murya tace 'yata kar ki biye mashi, tun bayan magariba ne. Sun ɗura mashi manja, sun ɗura mashi madara, sun yi ta tofi, kusan awa huɗu yana kwance a tsakar gida, saboda wani maƙwabci ya ce masu in suka kuskura suka kai shi asibiti za a kira 'yan sanda a tafi da shi. Mun yi abin da za mu iya muka tura shi babban asibiti a daren, kuma Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗunsa. Amma wallahi awa huɗun nan har yau suna tsaya mani a rai, don da ya tafi, tsoro ne ya kashe shi kafin komai.

Kuma abin da zai ba ku mamaki, maƙwabcin nan ba ƙarya ya shara ba gaba ɗaya. A dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada, sashe na 231 ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya ko a ci shi tara ko a haɗa mashi duka biyun. A kudu ma haka, sashe na 327 na Criminal Code, ɗaurin shekara ɗaya. Dokoki ne da asalinsu daga Turawan mulkin mallaka suke, su kansu can Ingila tun 1961 suka soke tasu, mu aka bar mu da ita. Ku duba fa, mutum duniya ta yi mashi zafi har ya ga mutuwa ta fi mashi, Allah ya kuɓutar da shi, sai kuma a ce ga kurkuku, ina amfanin wannan? Ni dai a zamana na asibiti ban ga ta hana kowa ba, abin da na ga tana yi shine sa iyaye su ɓoye, su yi wa ma'aikaci ƙarya, su makara. Kuma tunda kowa "kuskure ne" yake rubutawa a kati, ita gwamnatin ma ba za ta san girman abin ba balle ta ware mashi kuɗi.

Na san abin da wasu za su ce, wai ai haramun ne, in aka cire dokar kaman an ba mutane lasisi kenan. To ba wanda yace halal ne, ni ma musulma ce na san Allah ya hana mu kashe kanmu, kuma 'yan uwanmu kirista ma haka addininsu ya koyar. Amma haramcin abu daban, maganar ina za a kai mara lafiya daban. Pakistan ƙasar musulmi ce, a 2022 ta cire wannan daga jerin laifuka. Malesiya ta bi baya a 2023, Ghana ma a 2023 majalisarsu ta soke. Nan gida jihar Legas ta gyara tata yadda kotu za ta tura mutum asibiti maimakon gidan yari. Kuma mun sani Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, to ciwon damuwa ma ciwo ne kaman hawan jini da ciwon suga, yana da magani, ana warkewa, na ga waɗanda suka warke da idona. A yi addu'a a kuma je asibiti, ba inda ɗaya ya hana ɗaya.

Yanzu bari in faɗi inda aka samu ci gaba don kar a ce ba a yi komai ba. Shekara da shekaru dokar da ke kula da masu taɓin hankali a Najeriya ita ce ta 1958, wadda ko sunanta ma dokar mahaukata ne, aikinta kawai a kama a kulle. Sai a watan Janairun 2023 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ita wannan ta ce mai wannan lalura mutum ne mai haƙƙi, ba a nuna mashi wariya wajen aiki ko haya ko magani, ta hana ɗaure shi da mari, ta ce a buɗe sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya a kuma kafa asusu na kuɗin wannan aiki. Mu 'yan jihar Kaduna mun san abin da ake nufi da mari, ba mu manta da Satumban 2019 ba da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don ba su san wani wurin ba. A 2023 ɗin dai gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin hana kashe kai na 2023 zuwa 2030, sannan a 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa gwamnati na so a cire yunƙurin kashe kai daga laifuka har aka kafa kwamiti a kai. Madalla. Sai dai kwamiti ba ya goge sashe daga littafin doka, majalisa ce ke gogewa, kuma tunda dokokin laifuka na jihohi ne to kowace majalisar jiha sai ta zauna ta gyara nata.

Sannan ko an goge sashen, in uwa ta rasa inda za ta kai ɗanta ƙarfe biyun dare aiki bai ƙare ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa waje suke. Mu a Zariya ma mun fi wasu gata tunda akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, amma ka tuna da mutumin wani ƙauye a Soba ko Giwa ko Kubau, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi. Shi yasa abin da nake so in ga doka ta tilasta, da kuɗinsa a kasafi ba a takarda kawai ba, shine a koya wa irinmu na ƙananan asibitoci yadda za mu gane ciwon damuwa mu fara taimako, akwai ma tsarin koyarwar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi don haka mai suna mhGAP, a kuma ajiye magungunan a kusa da jama'a da sauƙin kuɗi. A samar da layin waya kyauta da ake ɗauka dare da rana kuma a amsa maka da Hausa. Amurka tun Yulin 2022 suna da lamba uku kacal, 988, ta wannan matsalar kaɗai. Mu muna da 112 ta gaggawa, to a sa mutanen da suka san wannan aikin a bayanta mana. In ɗan majalisarku ya zo gida ɗaurin aure ko ta'aziyya, bayan maganar kwalbati da taransifoma ku tambaye shi wannan ma.

Kafin nan ga namu na gida. Saurayin nan da ya dawo wurina bayan wasu makonni ya faɗa mani jarin da aka haɗa mashi ne ya narke, bashi ya hau kansa, ya fi wata ba ya barci, abinci sai an matsa, ya daina fita majalisa. Yace sau biyu yana ce wa abokinsa na gaji da duniyar nan, abokin yace kai dai ka cika raki, yi istigfari. Alamomin kenan fa, ba wasu ɓoyayyu bane. Mutum ya janye daga mutane, ya riƙa cewa ni nauyi ne a kanku ko gara in huta, ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya ba gaira ba dalili, ko shaye-shayensa ya ƙaru. Mai jego da ke kuka kullum ta ƙi kula jaririnta kar a ce mata shagwaɓa ko aljanu kawai, amarya da ta yi shiru ta rame, ɗalibi da jarabawa ta kayar, magidanci da aka sallama daga aiki, a sa masu ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi ci.

In ka ga haka ka zauna da shi ku biyu ka tambaye shi kai tsaye, ɗan uwa kana tunanin kashe kanka ne? Mutane na tsoron wai tambayar za ta sa mashi tunanin, ba haka bane, sau da yawa ma ajiyar zuciya za ka ji ya yi don an samu wanda ya lura. In yace eh kar ka hau shi da wa'azi ko faɗa, kar ka ce me ka rasa, ka saurare shi, kar a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar. Mu nan ƙasar noma ce, kusan kowane gida akwai maganin feshi da na ƙwari a ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure, don Allah a kulle su a wani wuri daban makulli na hannun mutum ɗaya. Kar ku raina wannan, domin sau tari tunanin na zuwa ne da ƙarfi na ɗan lokaci ya lafa, in abin ba ya kusa sai mutum ya tsira. Siri Lanka da ta hana sayar da magungunan feshi mafiya haɗari yawan masu mutuwa ta wannan hanya ya faɗi ƙasa sosai.

In kuma har an riga an sha wani abu, ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauko kwalbar ko ledar abin a taho da ita, a nufi asibiti mafi kusa nan take ko ƙarfe nawa ne, kuma a faɗa mana gaskiyar lokacin. Mu ceton rai ne a gabanmu ba bincike ba. Hotonsa ko wasiƙar da ya bari kuma kar a watsa a Facebook da WhatsApp, yana iya ingiza wani da ke bakin gaɓa, ga tozarta iyali.

Kai kuma ko ke da ke karanta wannan alhali abin a zuciyarki yake, ki zo. Ki yanki kati kaman kowa, in layi ya zo kanki ki ce kina son ganin ma'aikaciya ke kaɗai, ba sai kin yi bayani gaban mutane ba. In ba za ki iya fitowa ba ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi yau ɗin nan, yayarki ko malaminki ko ƙawarki, ki ce ya rako ki.