Rege

Rege salon kiɗa ne da ya tsiro a tsibirin Jamaika a ƙarshen shekarun 1960, a unguwannin talakawa na birnin Kingston. Ana gane shi da tafiyarsa ta sannu-sannu, da nauyin jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, da yadda ake sauke bugu a gurbin da kunne bai zata ba. Mutanen tsibirin ba su kai miliyan 2 ba a lokacin, amma kafin shekara 15 kiɗan ya karaɗe Turai da Amurka da Afirka. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Asali

Tushensa yana wajen masu manyan lasifiku. Tun daga shekarun 1940 zuwa 1950, talakan Kingston da ba shi da kuɗin shiga otal ko sayen garmaho yakan je fili ne, inda wani ya kafa lasifiku yana sa faya-fayen baƙaƙen Amurka, ana rawa har dare ya raba. Gasa ta yi zafi tsakanin masu wannan sana'a, musamman Clement Dodd da Duke Reid. Wanda ya mallaki faifan da ba kowa ke da shi ba shi ke jan jama'a, har wasu sukan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya gano inda aka samo shi. Da irin waƙoƙin da suke so suka fara ƙaranci a Amurka, sai suka koma naɗar mawaƙan gida da kansu.

Daga nan aka sami kiɗan ska, mai sauri da yawan busa, wanda ya yi tashe daidai lokacin da Jamaika ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1962. Wajen 1966 aka sassauta shi, ya zama rocksteady. Bayan kamar shekara biyu salon ya sake juyawa, kuma wani faifai da ƙungiyar Toots and the Maytals ta fitar a 1968 ne ya yaɗa sunan da ake kiransa da shi yau. Akwai kuma gadon mento, tsohon kiɗan ƙauyukan tsibirin, da na gangunan da jikokin bayi suka riƙe tun daga Afirka.

Yadda sautinsa yake

Ana ƙirga kiɗan ne hurhuɗu. A yawancin kaɗe-kaɗen Turai da Amurka bugun farko shi ne mai ƙarfi, a kansa kowa ke sauka. Rege ya ƙi wannan. A salon ganga da ya fi shahara, wanda ake dangantawa da Carlton Barrett, makaɗin gangar Wailers, ƙungiyar Bob Marley, ana barin bugun farko babu komai, sai a na uku babbar ganga ta faɗo tare da ƙwanƙwasar bakin ƙaramar ganga. Jita da fiyano kuwa ba sa jan dogon sauti. Sara suke yi, gajere, a tsinke nan take, a kan bugu na biyu da na huɗu. Wannan ne ke sa mai sauraro ya ji jikinsa na rangaji maimakon tsalle.

Jitar bes ce ke riƙe da waƙar. A wasu kaɗe-kaɗen aikinta raka sauran kayan kiɗa ne kawai, a nan kuwa ita ce ke fitar da karin da mutum zai tafi gida yana maimaitawa, kuma tana yin shiru a tsakiya da gangan kafin ta dawo. Dalilin a fili yake: an shirya kiɗan ne don manyan lasifiku a sararin Allah, inda kaurin sauti ke ratsa ƙirji. Wanda ya san rege ta ƙaramar wayar hannu kaɗai, rabinsa ya ji.

Rastafari da saƙon waƙoƙin

Aƙidar Rastafari ta bayyana a Jamaika bayan naɗin Haile Selassie a sarautar Habasha a 1930. Mabiyanta sun ɗauke shi da matsayi na ubangiji, sun haɗa wannan da koyarwar Marcus Garvey, ɗan gwagwarmaya ɗan Jamaika, ta martabar baƙar fata da komawa Afirka. Shekaru da dama hukuma da masu hali suna ƙyamarsu. Ziyarar da sarkin ya kai Kingston a watan Afrilun 1966, inda dubban mutane suka cika filin jirgin sama, ta ƙara musu ƙarfi ƙwarai, kuma cikin shekarun 1970 manyan mawaƙan rege da yawa sun rungumi aƙidar. Ta nan kalmomi irin su Babila, wato tsarin zalunci, da Sihiyona, wato Afirka ko Habasha, suka cika waƙoƙin, tare da gashin dada da launukan ja da rawaya da kore. Shan tabar wiwi, wanda 'yan Rasta ke ɗauka ibada, ya manne wa sunan kiɗan, har ya hana mutane da yawa sauraron abin da waƙoƙin ke faɗa game da yunwa, bauta, zaluncin 'yan sanda da wariyar launin fata. Ba kowane mawaƙin rege ne ɗan Rasta ba, kuma waƙoƙin soyayya ba su taɓa yankewa a cikinsa ba.

Bob Marley, wanda aka haifa a 1945, shi ne ya kai wannan saƙo duniya bayan ƙungiyarsa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Island Records a farkon shekarun 1970. An harbe shi a gidansa a Disambar 1976, ana tsakiyar rikicin siyasa, ya tsira. A 1978 ya haɗa hannun Michael Manley da Edward Seaga, jagororin jam'iyyu biyu masu gaba da juna, a kan dandamali. A Afrilun 1980 ya yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabuwe. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Abin da aka ƙirƙiro a sitidiyo

Sunan Marley ya danne wani gado da tasirinsa bai gaza nasa ba. Wajen 1970 masu shirya faifai suka fara sa kiɗan zalla, ba murya, a bayan faifai. Injiniyoyi irin su King Tubby da Lee Perry suka ɗauki wannan suka mayar da shi sana'a mai zaman kanta da ake kira dub: a cire murya, a bar ganga da bes, a jefo guntun sauti, a bi shi da amsa-kuwwa har ya ɓace. Na'urar haɗa sauti ta zama kayan kiɗa. Al'adar sake sarrafa waƙar da aka riga aka naɗa, wadda ta zama ruwan dare a yau, nan ne ɗaya daga cikin manyan tushenta.

A kan wannan kiɗa zalla ne mai riƙe da makirfo a filin rawa yake zuba magana yana zuga jama'a, kamar yadda sanƙira ke yi a gefen makaɗa. U-Roy ya fito da wannan salo a faifai. Wani matashi ɗan Kingston, DJ Kool Herc, ya koma unguwar Bronx a birnin New York yana yaro, kuma shagulgulan da ya fara shiryawa a 1973 da manyan lasifiku irin na gida suna cikin abubuwan da suka haifar da hip hop.

Haka kuma aka saba mawaƙa da yawa su hau kiɗa guda, kowa da nasa baitocin. A 1985 wani kiɗa da aka samo daga ƙaramin fiyanon Casio mai araha ya tayar da ƙura, aka yi ɗaruruwan waƙoƙi a kansa, ya buɗe zamanin kiɗan na'ura a dancehall, salon rege na filin rawa. Wannan salo ya sha suka kan batsa da yabon bindiga. Daga gare shi salon kiɗan reggaeton ya fito a Panama da Puerto Rico. Abin takaici, da yawa daga makaɗan da suka ƙirƙiro waɗannan kaɗe-kaɗe an sallame su ne da kuɗin yini, riba ta tafi ga masu sitidiyo.

Rege a Afirka

Kiɗan da ke yawan ambaton Afirka bai sha wahalar samun masauki a nahiyar ba. A Kwaddibuwa, Alpha Blondy ya rera shi da Dyula da Faransanci da Turanci, Tiken Jah Fakoly kuma ya caccaki 'yan siyasa har barazana ta sa ya koma zama a Bamako. A Afirka ta Kudu, Lucky Dube ya bar kiɗan Zulu da ya fara da shi ya koma rege a zamanin mulkin wariya; 'yan fashin mota ne suka kashe shi a 2007. A Najeriya tashensa ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980, ƙarƙashin mulkin soja da matsin tattalin arziki, lokacin da Majek Fashek da Ras Kimono suka mamaye gidajen rediyo. Bayansu matasan unguwar Ajegunle a Legas suka narka dancehall da Turancin buroka suka fitar da galala, kuma har yau ana jin bugun dancehall a ƙarƙashin waƙoƙin Afrobeats da yawa.