Waiwaye: Ba kyamara ce ta kayar da zanen kamanni ba

A watan Nuwamban 2024 aka sayi ayaba ɗaya da aka manna a bango da salatif da sunan aikin fasaha a kan dala miliyan 6.2 a wani gwanjo a New York. Tun daga ranar gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa harkar zane ta mutu murus. Wasu kuma na nuna katangun birane, inda ake zana fuskar tsohuwa har da tamojin goshinta, suna cewa ga zane na gaske can a titi, kallonsa kyauta. Rikicin dai ya girmi duk masu yin sa.

Farkon labarin sananne ne. A ƙarni na 15 masu zane a Fulorans ta Italiya suka gano dabarar nuna nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen allo, fentin mai kuma ya ba su damar fitar da sheƙin fata da na tufafi. A 1839 aka bayyana kyamara a Paris. A 1874 su Monet suka baje zanensu, wanda ya fi damuwa da haske a kan kamanni. Yawanci a nan ake tsayawa, a ɗora wa kyamara laifi, a tashi.

Sai dai lissafin bai fita ba. A 1904, shekara 65 bayan zuwan kyamara, an biya Lawrence Alma-Tadema fam 5,250 kan zanensa "The Finding of Moses", wanda ke nuna jerin gwanon 'yar Fir'auna a bakin Nilu, furanni birjik kamar a kai hannu a tsinka. A 1960 da aka kai wannan zanen gwanjo a Landan, tayin a fam 252 ya tsaya, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗinsa na farko ba. Ashe faɗuwar sai a ƙarni na 20 ta faru, lokacin da masu sharhi da masu saye suka koma kallon irin wannan aiki a matsayin kayan tsofaffi.

Faɗuwar farashi ma da sauƙi, tun da zane yana iya jira a ɗakin ajiya. Ɓarnar da ba a cika magana a kai ba a makarantu aka yi ta. A da, ɗalibi ba ya taɓa fenti sai ya sha wuya. Zai fara da kwafar zanen takarda, irin darussan da Charles Bargue ya shirya, waɗanda Van Gogh ma ya kwafa. Daga nan a zaunar da shi gaban mutum-mutumin farar ƙasa da gawayi a hannu, ya miƙe hannu, ya kanne ido ɗaya yana auna tsawon hanci da faɗin goshi. Yana iya shafe makonni a kan ƙafa ɗaya. Malami ya zo ya tsaya a bayansa, ya goge inuwar da ta yi duhu da babban yatsa, ya wuce bai ce uffan ba. Sai bayan haka a ba shi mutum mai rai ya zana.

A shekarun 1950 da 1960 makarantu da dama a Turai da Amurka suka kwashe waɗannan mutum-mutumai zuwa ɗakunan ƙasa, wasu ma aka farfasa su. A 1968 aka daina Prix de Rome, gasar ɗaliban zane a Faransa, wadda ta faro tun 1663. Irin wannan ilimi a hannu yake zama, daga malami zuwa almajiri. Da malaman da suka iya suka yi ritaya, waɗanda suka gaje su ba su da abin miƙawa. A ganina nan igiyar ta tsinke.

Jama'ar gari kuwa ba su taɓa juya wa zanen kamanni baya ba, bango ne shaida. Su Diego Rivera sun cika gine-ginen gwamnatin Mekziko da manoma da ma'aikata a shekarun 1920, Amurka kuma ta sa an yi zane kusan 1,400 a gidajen waya tsakanin 1934 da 1943.

Farfaɗowar a hankali ta zo. Gidan tarihi na Orsay ya buɗe a Paris a 1986, ya rataya ayyukan su Bouguereau da Gérôme, masu zanen kamanni na Faransa da aka daɗe ana yi wa dariya. A 1991 aka kafa makarantar koyar da zane ta tsohuwar hanya a Fulorans, a 2003 aka sake buga darussan Bargue. A 2010 zanen nan na fam 252 ya tashi a kan dala miliyan 35.9.

A 2016 Guido van Helten ya kammala zana manoma huɗu a jikin dogayen rumbunan hatsi na siminti a ƙauyen Brim da ke Ostireliya, matafiya suka riƙa tsayawa kallo. Kafin ya hau ya fara shafa fenti, sai da ya ɗauki hotunan mutanen da kyamara.