Haɗa sana'a biyu a wasan taka rawa na kan tebur

Haɗa sana'a wata ƙa'ida ce a wasannin taka rawa na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons, wadda ke ba ɗan wasa damar raba matakan jaruminsa tsakanin sana'a biyu ko fiye, maimakon ya riƙe guda ɗaya tun daga fari har ƙarshe. A irin wannan wasa mutane kan zauna wuri ɗaya, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda, mutum ɗaya yana jan ragamar labari, ƙwayar lido mai fuska 20 kuma ita ke raba gardama idan jarumi ya gwada wani abu mai wuya. Kowane jarumi da sana'arsa: mayaƙi, ɗan tauri, maharbi, mai sanɗa, maroƙi, barde mai rantsuwa, masanin sihiri da sauransu. Sihirin da ake magana lambobi ne kawai a takarda, babu abin da ake karantawa ko ƙonawa.

Asali

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974. Tun a lokacin an yarda jarumi ɗan jinsin elf, wata halitta ta tatsuniya mai kama da mutum, ya fita a matsayin mayaƙi a wata tafiya, a wata kuma masanin sihiri. A dokokin 1978 aka raba hanya biyu. Jinsunan da ba mutane ba suna ɗaukar sana'a biyu ko uku a tare, a raba musu makin gogewa, wato makin da jarumi ke tarawa don ya hau mataki. Ɗan Adam kuwa sai ya ajiye tsohuwar sana'a ya koma mataki na farko a sabuwa, kuma ba zai mori tsohuwar yadda ya kamata ba har sai sabuwar ta zarce ta. Bugu na uku, na shekarar 2000, shi ya buɗe ƙofa ga kowa, amma da tarar kashi 20 cikin ɗari na makin gogewa idan wata sana'a ta yi wa wata nisa. Bugu na biyar, na 2014, ba shi da wannan tarar, ya bar wa jagoran wasa ikon yarda ko hanawa.

Yadda lissafin yake a bugu na biyar

Jarumi yana da mataki 20 ne duk rayuwarsa, kuma duk matakin da ya ba wata sana'a ya rage wa ɗayar. Kafin ya shiga sabuwa, dole ya kasance da maki 13 a babbar baiwar sana'ar da yake ciki da ta wadda zai shiga. Masanin sihiri yana buƙatar basira, mai sanɗa zafin nama, maroƙi kwarjini. Barde mai rantsuwa baiwa biyu yake nema, ƙarfi da kwarjini.

Wasu abubuwa ba sa raguwa. Ƙarin ƙwarewa da ake sakawa a kan ƙwaya yana bin jimillar matakai ne: 2 a farko, 3 a mataki na 5, har ya kai 6 a mataki na 17. Amma manyan kayan aiki suna bin matakin sana'a ɗaya ne, kuma a nan asarar take. Ƙarin baiwa yana zuwa a mataki na 4, 8, 12, 16 da 19 na sana'a guda. Sara na biyu a zagaye ɗaya yana zuwa wa mayaƙi, ɗan tauri, maharbi da barde a mataki na 5 na sana'arsu, kuma ba ya taruwa: wanda ya yi biyar a mayaƙi, biyar a maharbi, sara biyu dai yake da shi, ba uku ba.

Abin da ake biya

A ɗauki jarumai biyu da suka kai mataki na 5, wanda ke buƙatar makin gogewa 6,500. Na farko masanin sihiri ne zalla. A ranar ya sami dunƙulen wuta, sihirin da ake jefa masa ƙwaya takwas masu fuska shida, ya faɗa wa duk wanda ke cikin da'irarsa. Na biyu ya fara da mataki biyu a mayaƙi kafin ya yi uku a sihiri. Yana sanye da sulke mai nauyi, makin lafiyarsa ya fi yawa domin ƙwayar lafiyar mayaƙi fuska 10 gare ta, ta masanin sihiri 6, kuma in an buge shi bai cika sakin sihirin da yake riƙe da shi ba. Sai dai dunƙulen wuta ba zai zo hannunsa ba sai mataki na 7. Duk tsawon matakan nan biyu, yana kallo abokinsa na share fili shi kuma yana ta fama da ƙananan kaya. Wannan jinkiri zai bi shi har ƙarshe.

Kamar yaro ne da ke koyon ɗinki a Kasuwar Wunti, ya fara iya yanka, sai ya raba mako ya tafi koyon gyaran waya. Zai iya abin da sa'o'insa ba su iya ba, amma su za a riga shi yayewa.

Shi ya sa gogaggun 'yan wasa ke ba da shawarar a kai mataki na 5 a sana'ar farko kafin a leƙa wata, kuma shawarar tana kan hanya. Mafi munin rabo shi ne na daidai wa daida. Mai uku a nan, uku a can, ya kai mataki na 6 ba shi da sara na biyu, ba shi da ƙarin baiwa ko ɗaya. Tsoma ƙafa na mataki ɗaya ko biyu ya fi riba, domin sana'o'i da yawa a gaba suke ɗora kayansu masu kyau. Mai sanɗa yana ninka ƙwarewa tun a mataki na farko, mayaƙi yana samun ƙarin motsi a na biyu.

Sana'o'in ma ba duka ke zama inuwa ɗaya ba. Barde da maroƙi duk da kwarjini suke aiki, don haka maki ɗaya ke ciyar da su. Ɗan tauri kuwa in ya tsumu ba ya iya sihiri, saboda haka haɗa shi da masanin sihiri sayen abu biyu ne a yi amfani da ɗaya. Gyaran dokoki na 2024 ya rage daɗin tsoma ƙafa: kowace sana'a sai a mataki na 3 take zaɓen reshenta, wato fannin da jarumi zai ƙware a cikinta, kuma ƙarin motsin mayaƙi ya daina aiki wajen jefa sihiri.

Tsawon labarin

Tambayar da ta fi kowace nauyi ba a takardar jarumi take ba: wasan nan zai kai ina? A ce abokai biyar ne a Bauchi, ɗalibai a Yalwa ko Gwallameji, suna zama ranar Asabar bayan la'asar. Ga jarrabawa, ga hutu, wani zai koma Azare, wani bautar ƙasa za ta ɗauke shi. Irin wannan zama da wuya ya ga mataki na 15. Wanda ya tsara haɗin da ba zai nuna ba sai can, zai ƙare wasan ne a tsakiyar jira. Ya kamata ya tambayi jagora tun kafin ya rubuta komai.

Sai kuma dalilin labari, wanda bai kamata lissafi ya danne shi ba. Mai sanɗa da aka ceci ransa ya yi rantsuwar kare raunana, shigarsa bardanci tana da tushe, kuma 'yan tebur za su karɓa ko da ƙarfinsa ya ɗan ragu. Wanda ya wayi gari da sabuwar sana'a don ya ga ana yabonta a intanet, labarinsa yakan yi rami, jagora ya rasa inda zai kama.

Wanda ɗanɗano kawai yake so yana da hanyoyi masu arha. Akwai reshen mayaƙi da na mai sanɗa da ke koyon sihiri daga mataki na 3 ba tare da barin sana'a ba. Akwai kuma baiwar musamman da ke ba kowane jarumi ƙananan sihiri biyu da guda ɗaya na mataki na farko. Pathfinder, wani wasa irin wannan, a bugunsa na biyu, na 2019, ya ɗora tsarinsa a kan wannan tunani: jarumi ba ya barin sana'arsa, sai dai ya sayi ƙwarewar wata da guraben baiwarsa, matakansa na ci gaba da hawa yadda suke.